Babi na Biyar: Ƙota, Kube da Hamila

A ƙasar da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi, da wuya ka shiga tsohon gidan sarauta, ko na malamai, ko na mafarauta, ka rasa takobi. Wani yana rataye a bangon turaka, wani yana ƙarƙashin gado naɗe da tsohon zane, wani kuwa ba ya ganin rana sai ranar hawan salla. In ka tambayi asalinsa, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: "Wanga na kakan kakana na, da shi anka ci Alƙalawa."

Ba maganar da za a yi wa dariya ba ce, don ƙasar ta sha yaƙi. A 1806 ne Muhammadu Namoda, jagoran Fulani Alibawa, ya karya rundunar Gobirawa da Abzinawan da suka mara musu baya a Fafara, kusa da Zurmi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kuma Namoda na cikin manyan da suka ja wannan yaƙi. Kufan birnin ba shi da nisa da Shinkafi in ka bi ta Isa ka nufi Sabon Birni. Daga nan har Turawa suka shiga Sakkwato a 1903, wannan yanki bakin daga ne: Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suna kawo hari, garuruwan nan suna tarewa. Takubba sun yi yawa a hannun mutane, ba kuwa abin mamaki ba ne wasunsu su kawo yau.

Sai dai wanda ya ce "shekarar takobin nan nawa?" ya riga ya yi tambayar da ba ta da amsa guda. Tsohon takobi kamar gidan gado yake: harsashi na kaka, katanga ta uba, rufin kwano na jika. Ruwan takobin, wato ƙarfen mai kaifi, yana iya kai shekara ɗari uku. Ƙotar ta kai ɗari. Kuben kuma a ce na zamanin Sardauna ne, hamilar kuwa bara aka sayo ta a kasuwa. Kowane ɗaya da hannun da ya yi shi, kowane ɗaya da zamaninsa, kuma dole a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Mai takobin bai yi ƙarya ba da ya ce an je Alƙalawa da shi. Abin tambaya shi ne wane ɓangare ne ya je.

Baƙon ƙarfe, tufafin gida

Yawancin manyan takubban da aka yi yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da su, ƙarfensu ba a nan aka ƙera shi ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 kuma ya ratsa ta Zurmi a 1853 a hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi dubu 50 ke shigowa Kano duk shekara, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga garin Solingen na ƙasar Jamus suke. Ya sa kuɗinsu wuri miliyan 50, wato kusan wuri dubu kowane guda. Tsirara suke ƙetaro hamada a bayan raƙuma, ba ƙota ba kube. A Kano ake yi musu sutura, sannan fatake su watsa su ƙasar Hausa da Nufe da Barno da Abzin.

Wannan ne ya sa nake ganin mun juya abin baibai. Dillali da mai saye duk idonsu na kan ƙarfen: ina tambarin Bature, ina zanen wata, ina zaki. Ƙota da kube kuwa ana ganinsu abin canzawa, in sun tsufa a yar a sa sabo. Alhali ƙarfen baƙo ne, an buga dubbai irinsa a masana'anta ɗaya, wasu sun tafi Sudan wasu Agadas. Abin da hannun mutanenmu ya taɓa, wanda zai gaya maka garin da takobin ya zauna da matsayin mai shi da ɗanɗanon zamaninsa, shi ne wannan fata da tagulla da ake yarwa.

Game da ƙarfen, abu kaɗan ya isa a nan. Maƙeran Turai suna buga tambari: kyarkeci a guje, wanda ya samo asali daga Passau kafin Solingen ta ɗauka, jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, ƙwallo da gicciye a kansa, zaki, ƙuda. Da mutane suka gane cewa mai tambari ya fi kuɗi, sai maƙeranmu su ma suka riƙa sa tambari a nasu aikin. Wata biyun nan musamman an kwaikwaye su har ba iyaka. Tambarin masana'anta bugu ɗaya ne, zurfinsa daidai, gefensa sumul. Na kwaikwayo da kurfi ake bin sa kaɗan-kaɗan, za ka ga layi yana karkacewa, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Haka kwarin nan guda uku da ke bin tsawon ƙarfen, irin na takobin da ake kira tamogashi: na Turai miƙe suke sak, na gida sukan yi rawa. Tambari na kwaikwayo ba ya nufin takobin sabo ne, don an fara kwaikwayon tun kafin zuwan Turawa. Akwai kuma gwajin da dattawa ke yi, su ɗan lanƙwasa ƙarfen su sake shi su ga ko zai koma daidai. Gwajin yana raba ƙarfe mai kyau da mai taushi, amma ba ya raba tsoho da sabo, domin sifirin mota ma komawa yake yi. Kuma an sha karya tsohon takobi garin nuna bajinta.

Ƙota

Ƙotar takobinmu abu uku ne a haɗe: faffaɗan makarin da ke gicciye yana tsare hannu, mariƙin da tafi ke damƙa, da dunƙulen da ke can ƙarshe yana hana takobi suɓucewa. Wutsiyar ƙarfen tana ratsa dukkansu ta ɓullo ta saman dunƙulen, a dake kanta da masaba har ta baje ta riƙe komai. Nan ne wurin fara dubawa. Dakan da ya daɗe yana yin baƙi, ya lafe, ya zama launi ɗaya da abin da ke kewaye da shi. In ka ga wurin yana ƙyalli, an kwance ƙotar ba da daɗewa ba. In ka ga noti ko ɗigon walda, magana ta ƙare: aikin zamanin gareji ne.

Mutum biyu ko uku ke aiki a kan ƙota guda. Maƙerin baƙi shi ke yin ƙashin bayanta na ƙarfe. Maƙerin fari ya lulluɓe da tagulla ko gaci ko azurfa, ya yi zane. Baduku ya naɗe mariƙin da fata, wani lokaci har makarin. Saboda haka ƙaramin maganaɗisu yana da amfani: in ya kama ta bayan fata ko tagulla, akwai ƙarfe a ciki, kamar yadda ake yi wa takobin aiki. Na ado zalla, wanda aka yi don baƙi masu yawon buɗe ido ko don rawa, sau da yawa ƙotarsa gwangwani ne aka naɗa a kan itace.

Dunƙulen ƙarshe ya fi komai faɗin zamani. Masu nazarin waɗannan takubba sun lura cewa tsofaffin suna da dunƙule mai kauri da nauyi, mai siffar ƙwai a kwance, wanda ke daidaita nauyin ƙarfen a hannu. Na baya-bayan nan kuwa faifai ne marar kauri, an jera ƙananan yankan tagulla da jan gaci a kansa hawa-hawa har su yi tsini. Wannan salon ya yaɗu a aikin Abzinawa na ƙarni na 20, lokacin da takobi ya fara komawa kayan ado. Ɗauki takobin ka miƙa hannu. Wanda aka yi don sara yana zama a hannu daram. Wanda aka yi don kallo kansa rinjaya yake yi.

Ƙotar da aka lulluɓe gaba ɗaya da tagulla, aka cika ta da zanen ganye da igiya, takan nuna hannun Nufawa, don Bida ta shahara da wannan aiki, ko na maƙeran farin Kano da suka yi irinsa. Wadda aka rufe da baƙar fata ko ja mai duhu, ba ado sai 'yan layuka da aka danna, ita ce aka fi samu a hannun mayaƙan ƙasa. A yankin Shinkafi da Zurmi za ka ga an gauraya, don hanya ce: Abzinawa da Bugaje suna saukowa da gishiri da kanwa, fatake suna hawa daga Kano da Katsina, kasuwar Shinkafi kuwa ta daɗe tana tara mutanen Nijar da na kudu. Don haka ganin aikin Agadas a gidan Bazamfare ba shaidar ganima ba ce. Wataƙila ciniki ne kawai.

Irin ƙarfen adon ma yana magana. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan layin ya tsaya. Da shi gyaɗa da auduga da fata suka fita, da shi kuma fallen tagulla na kanti da kwano da gwangwanin kananzir da tarkacen ƙarfe suka shigo, har narka tama ta zama wahalar banza. Tagullar da maƙeri ya narka ya dake da hannu kaurinta ba ya zama ɗaya, kuma in ka duba bayanta inda ta ɗan ɗago za ka ga sawun masaba. Fallen kanti kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Sanholo, wannan farin ƙarfe marar nauyi da ake tukunya da shi, bai wadata a nan ba sai cikin ƙarni na 20, saboda haka duk ƙotar da ke da shi ba ta ga Namoda ba, kome dattakun mai ba da labari.

Wani lokaci za ka tarar an sa kuɗin ƙarfe a ƙota ko a bakin kube. In kwabo ne ko anini mai huji na zamanin Turawa, shekarar da ke jikinsa gaskiya ce, kuma tana gaya maka cewa ba a yi wannan gyara kafin wannan shekara ba. In kuwa azurfar nan ce mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, kada 1780 da ke jikinta ta ruɗe ka. Shekarar rasuwar matar ce, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba har cikin ƙarni na 20.

Kube da hamila

Kube ne ke fara mutuwa. Gumin doki da na mahayi, ruwan sama, kaifin da ke shiga yana fita, duk a kansa suke ƙarewa. Mayaƙin da ya daɗe yana iya canza kube sau da dama a rayuwarsa. Saboda haka in ka sami wanda ya haura shekara ɗari da ɗinkinsa da zobbansa, ka sami abin da ya fi ƙarfen wuyar samu.

Fatar akuya ja ta ƙasar Sakkwato da Zamfara, wadda ta ƙetare hamada har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko, da bagaruwa majema ke jeme ta. Dukawa suna samun ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, ɗanyen launin korino kuma daga garin tagulla. Jan karan dafi in ya tsufa duhu yake yi, ya koma kamar jinin da ya bushe. Galurar kanti kuwa tana fara rayuwa da ƙyalli, ta ƙare a koɗe. Leƙa bakin kuben ka ga abin da aka yi masa ciki da shi. Fata mai tauri ko siririn itace aikin da ne. Kwali na yanzu ne. Duba ɗinkin: hujin basilla ba ya zama daidai da juna, na keke kuwa a jere yake. Zaren roba ba ya buƙatar bayani.

Akwai tambaya guda da kube ke amsawa in an lura: na wannan takobin ne? Zura shi a hankali. In ƙarfen ya tsaya saura yatsa uku, ko ya shige yana kwaramniya, ko kuwa kuben ya fi shi tsawo da taƙi guda, to an yi masa aro. Amma a yi hattara da tsawon, domin takobin da aka daɗe ana wasawa gajarta yake yi, tsininsa ya zama da'ira, ya bar sarari a gindin kubensa na asali.

Hamila ba ta da tsawon rai, sai dai wadda aka adana. Ta manya da alharini ake yin ta, irin jan nan mai ruwan hoda da a da ake kawowa ta Tarabulus, da tuntaye masu kauri. Ta yanzu ulun roba ce. Zare ɗaya tak in ka tsinko daga wurin da ya riga ya zare ka kusantar da shi ga ashana: alharini warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Abin da Japanawa suka yi da nasu

Akwai ƙasar da ta ɗauki wannan fanni da muhimmancin da ya kai a yi koyi, ita ce Japan. A can, faifan ƙarfen da ke tsare hannu, wanda suke kira tsuba, da ƙananan adon da ake sa wa ƙota, sana'a ce mai zaman kanta. Gidan Goto, wanda Goto Yujo ya kafa a ƙarni na 15, sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi wa sarakuna wannan aiki, ɗa ya gaji uba. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, sana'ar ta durƙushe, kayan suka watsu kasuwannin Turai da Amurka. A 1948, bayan yaƙin duniya na biyu, suka kafa ƙungiyar adana takubba a Tokyo, wadda har yau masana ke zama a cikinta su duba abu su ba shi takardar shaida bisa daraja-daraja. Suna da jabu su ma, har da sa hannun manyan maƙera na ƙarya, da waɗanda aka zuba a tukunya maimakon a sassaƙa. Abu biyu nasu ya dace da mu. Na ɗaya, suna daraja kayan ƙota ko da ba ƙarfen takobi a jiki. Na biyu, a wurinsu goge launin tsufa daga jikin tsuba ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Jar tsatsa kaɗai suke cirewa, ita ma da ɗan ƙashi ko ƙaho, a hankali.

Mu ba mu da irin wannan majalisa. Abin da muke da shi na rubutu kaɗan ne, kamar littafin da A. D. H. Bivar ya fitar a 1964 kan makaman Arewa, inda ya duba takubban fada irin su Gajere na Katsina. Sauran ilimin yana kan tsofaffin maƙera da dukawa, kuma Sarkin Maƙeran gari in ya riƙe takobi ya juya shi sau biyu yakan faɗi abin da babu shi a littafi.

Tsufan ƙarya

"Alhaji, duba tsatsa, wanga tun zamanin Shehu ya ke." Haka dillali zai ce, kuma tsatsar ce ya kamata ta sa ka ja baya. Ana binne sabon takobi a ƙasa mai laima, ana shafa masa ruwan gishiri ko ruwan batir, ana rataye kube a madafa hayaƙi ya turara shi. Cikin wata guda sai ya yi kamar ya shekara ɗari. Abin da mai wannan aiki ba ya iyawa shi ne sa tsufan a inda ya dace. Tsufan gaskiya zaɓe yake yi. Mariƙi yana sulɓi a inda tafi ke zama. Zanen tagulla yana shafewa a gefen da ke gogar jikin mahayi, ɗaya gefen yana nan raɗau. Zoben hamila yana cin ramin kansa a wuri guda, inda nauyi ke ja. Tsohuwar tsatsa baƙa ce, a kwance, mai tauri. Ta jiya ja ce, tana bin yatsa, kuma ta rufe ko'ina daidai wa daida.

Akwai kuma haɗe-haɗe: a ɗauki tsohon ƙarfe a aura masa ƙotar wani takobin, a sayar a matsayin abu guda. A nan sai an yi adalci. Sauya ƙota da kaka ya yi a 1940 don ya hau salla tarihi ne, wani shafi ne na rayuwar takobin. Wanda aka yi makon jiya don a ruɗi mai saye ha'inci ne. Dattin da ke maƙale a mahaɗar ƙarfe da makari shi ke raba gardama: in sun daɗe tare, za ka ga baƙin maiƙo ya cike tsakaninsu ya bushe.

Gyaran gangar Abzinawa

Abin da ya fi lalata tsofaffin takubba a gidajenmu ba sakaci ba ne, ƙauna ce. Salla ta matso, sai maigida ya miƙa wa yaro takobi ya ce a wanke shi ya yi haske. Yaro ya samo toka da yashi da lemun tsami, ko tsamiya, ko sandifefa, wani ma ya kai wa mai injin wasa wuƙa. Kafin la'asar takobi na walƙiya, tambarin da ya shekara ɗari biyu ya shafe, zanen maƙerin fari ya zama sumul, ruwan tsami ya shige ƙarƙashin tagulla yana ci daga ciki. Duhun da tagulla ke yi da tsufa ba datti ba ne. Shi ke tsare ta, shi ne kuma shaidarta.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Ƙarfen a share shi da tsumma mai taushi, a shafa man keken ɗinki siriri, a goge rarar. Man gyaɗa da man ja ba su dace ba, don suna daskarewa su yi ɗanko su kama ƙura. In akwai jar tsatsa, a ɗiga mai a bar shi ya kwana, sannan a kankare da ɗan ƙashi ko ƙaho, waɗanda ba sa iya ƙarzar ƙarfe. Baƙin tabo a ƙyale shi. Bayan an taɓa ƙarfe da hannu a share, gumi gishiri ne.

Tagulla busasshen tsumma ya ishe ta. Wani kore mai maiƙo yakan taru a inda ta haɗu da fata; wannan a cire shi da tsinke. In kuwa koren gari ne mai haske, yana zuba, yana dawowa bayan an share, to cuta ce da laima ke ciyarwa, sai a raba abin da danshi a nemi ma'aikatan gidan tarihi.

Fata ita ce mai wuyar sha'ani, domin shekararmu kashi biyu ce a wurinta. Daga Yuni zuwa Satumba laima ke kumbura ta, ta yi fumfuna. Hunturu ya zo ya busar da ita har ta tsage. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: sinadarin bagaruwa da ke cikin jemammiyar fata, in ya sami danshi, cin ƙarfe yake yi. Takobin da aka bari cikin kube damina uku ba a zare ba yakan manne, in an ja da ƙarfi kuben ya yage. Don haka a riƙa zare shi lokaci-lokaci, musamman da damina, a sha iska a inuwa. Wanda ya tsufa ƙwarai gara a ajiye ƙarfen daban, kuben daban, kowanne naɗe da farin ƙyalle na auduga. Kada a sa a leda, tana tara gumi. Kada a labta wa tsohuwar fata man kaɗe da sunan tausasawa. Duhu za ta yi, ta jawo ƙwari, maiƙon kuma ya ci tagullar da ke kusa. Kada a ajiye a ƙasa ko a jingine da bangon ƙasa, saboda gara. Kada kuma a rataye shi da tsohuwar hamilarsa, nauyin zai tsinke zobban. A kwantar da shi a kan katako ko cikin akwati. In ana son hawa da shi, a ɗinka masa sabon kube na fita, tsohon ya huta a gida. Ba yar da shi za a yi ba.

Takarda da doka

Shekarun nan na 'yan bindiga sun ƙara wa al'amarin nauyi. Ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi da kewayen Ƙaura sun watse, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kube. Abin da aka bari gara ta ci, ko wuta, ko ya faɗa hannun 'yan gwangwan da ke saye a kan sikeli. Wanda aka tsira da shi kuma yunwa takan sa a sayar da shi a garin da ba wanda ya san labarinsa. Da zarar takobi ya rabu da sunan gidansa, rabin darajarsa ta tafi, don ba masanin da zai iya karanta sunan mai shi daga jikin tagulla.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A zauna da dattijon gida a ce, "Baba, wa ya ba ka shi, shi kuma wa ya ba shi?" a bi salsalar har inda ta tsaya, a rubuta, da boko ko da ajami. A rubuta abin da aka gani da ido daban, abin da aka ji daban. A sa wanda ya sauya kube da shekarar da aka yi, in ana tune. A ɗauki muryarsa a waya. A ɗauki hoton takobin gaba da baya, da tambarin, da dunƙulen ƙota ta sama, a ajiye ma'auni a gefe don a san tsawo. A tura wa ɗan'uwa da ke Gusau ko Kaduna kwafi.

Wanda ke tunanin sayarwa kuma ya san akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda ke da muhimmanci kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ba a fitar da irinsa daga Nijeriya sai da izinin hukumar, ba kuma kowa aka yarda ya saya ba. Mai neman shawara yana iya zuwa Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Akwai kuma batun gado. Takobin sarauta ba ya shiga rabon gado, na kujera ne, yana jiran wanda aka naɗa. Na gida shi ne ke shiga hatsari ranar da magada suka zauna, don ba ya rabuwa uku ko bakwai sai an mai da shi kuɗi. Gidajen da suka tsira da nasu, yawanci wani daga cikin magadan ne ya sa aka yi masa ƙima, ya biya 'yan'uwansa rabonsu, ya riƙe shi tare da takardarsa.